A Karanta Mana Labarin Fursunan Zenda da Hausa

Assalamu alaikum, Malam Edita.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina da roƙo game da shirinku na karatun littattafai na dare. Ina so ku sa a fassara littafin The Prisoner of Zenda, wanda Baturen Ingila Anthony Hope ya wallafa a 1894, a riƙa karanta mana shi kashi-kashi. Marubucin ya rasu tun 1933, don haka ba wata maganar haƙƙin mallaka da za ta tare muku hanya.

Na fara karanta shi ina ɗan sakandare, kwafin da na samu ma bangonsa ya yage, amma har yau labarin bai bar raina ba. Wani Bature ne mai suna Rudolf Rassendyll ya je kallon naɗin sarauta a Ruritaniya, ƙasar da marubucin ya ƙirƙira. Ashe kamarsu ɗaya da sarkin da za a naɗa, kamar an tsaga kara, har jan gashi da dogon hanci, domin akwai tsohuwar alaƙar jini da danginsu ke ɓoyewa. Daren jajibiri sai ɗan uban sarki, Michael, ya aiko da giya mai magani, sarki ya sha ya bingire. Kanar Sapt da Fritz, na hannun daman sarki, suka ga idan gari ya waye ba sarki, to sarauta ta tafi, sai suka sa wa baƙon nan kayan sarki aka naɗa shi. Da niyyar yini guda aka yi, amma kafin su koma Michael ya sace sarki ya kulle shi a gidansa na Zenda.

Bahaushe ba ya buƙatar a yi masa bayanin 'yan ubanci a gidan sarauta. Abin da zai ba mai sauraro mamaki shi ne dalilin da ya hana Michael gado: mahaifiyarsa ba jinin sarauta ba ce. Mu a nan 'ya'yan ƙwarƙwara sun hau gadon iyayensu, ba wanda ya ɗaga kai. Sannan ku dubi yadda aka ɗaure rikicin: Michael ya san na kan gado na bogi ne, amma in ya tona, ya tona kansa a matsayin wanda ya sace sarki.

Inda labarin ya fi kama ni shi ne wajen Gimbiya Flavia. Ita ce aka shirya za ta auri sarki, ba ta kuma taɓa jin sonsa ba sai bayan naɗin, wato sai da aka musanya mata shi ba ta sani ba. Talakawa ma sun fi son Rudolf, tun ranar da ya ratsa tsohuwar unguwar Strelsau babban birnin ƙasar, unguwar da ita ce cibiyar magoya bayan Michael, shi kaɗai a kan doki, dogarai na nesa. Da ya yi shiru ya bari aka kashe sarki a kurkuku, da mulki da gimbiya duk sun zama nasa. Duk da haka ya yi ninƙaya cikin ruwan da ya kewaye gidan cikin dare, ya sa ransa a kan wanda cetonsa zai raba shi da komai. A ganina wannan wurin kaɗai ya isa a yi muhawara a shirinku, musamman ga matasanmu da ke ganin kujera kullum ana kokawa a kanta.

Don Allah mai fassarar kada ya sassauta ƙarshen don faranta wa masu sauraro. Flavia ta ji gaskiya, ta zaɓi ta zauna da ƙasarta ta auri sarki. Rudolf ya koma Ingila, kowace shekara Fritz yana kai masa jan fure guda daga wajenta a birnin Dresden. In masu sauraro sun nemi ci gaba, akwai littafi na biyu, Rupert of Hentzau, na 1898.

Na gode, Allah ya ƙara basira.

Mai sauraronku na kullum, daga Zariya.