Koke Zuwa Ga Mai Girma Hakimi Kan Allurar Rigakafin Yara a Lokacin Kullen Korona na 2020

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, Allah ya ja zamaninka.

Mu iyayen yara da ungozomomi na wannan gunduma a cikin garin Kaduna ne muka kawo kuka. Tun da aka sa dokar kulle ranar 26 ga Maris 2020 saboda korona muke biyayya, ba mu ja da hukuma ba. Sai dai rigakafin 'ya'yanmu ya tsaya.

Ranka ya daɗe, allurar nan da lokacinta take. Akwai ta ranar haihuwa, akwai ta sati 6 da 10 da 14 mai kare jariri daga tarin shiƙa da mashaƙo, sai ta ƙyanda a wata 9. Yau mai jego za ta goya jariri ta tako a ƙasa cikin rana, tunda babu Keke Napep, a mayar da ita daga shingen jami'an tsaro da katin rigakafi a hannunta. Wadda ta samu ta wuce kuma ta tarar da ƙofar asibiti a rufe. Wasu ma tsoro ya hana su fitowa, don ana yaɗa cewa allurar korona ake gwadawa a kan yara. Ƙarya ce, amma ta shiga gidaje.

Ƙyanda muke tsoro, ga shi lokacin zafi ne, lokacinta. A Kwango, a 2019, hankali yana kan Ebola, ƙyanda ta kashe sama da mutum 6,000, akasari ƙananan yara. Shan-inna kuwa, rabon Najeriya da ainihin ƙwayarta tun 2016 a Borno, kuma hakimai da masu unguwanni sun sha wahala kafin a kai nan.

Muna roƙon ka kai maganarmu ga ƙaramar hukuma da hukumar lafiya matakin farko, a ɗauki katin rigakafi a matsayin takardar izinin wucewa ga uwa da ɗanta. A buɗe asibitin kullum, a raba ranakun unguwa-unguwa don kada a yi cunkoso, a ba ma'aikata takunkumi da sabulu. Idan ka amince, a yi allurar a ƙofar gidan mai unguwa, mu za mu kawo tabarmi da ruwan wanke hannu. Sannan a sa sanƙira ya zagaya da sunanka ya ƙaryata jita-jitar nan, don mutanenmu maganarka suke ji.

Ungozomominmu sun san gidajen da aka haihu tun farkon kulle, a shirye suke su raka ma'aikata.

Allah ya ƙara wa Hakimi lafiya da imani.

Mu ne talakawanka,
Iyayen yara da ungozomomin gunduma