Wasiƙa daga Utsunomiya

Aminiyata,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya Inna da ƙafar tata? Na ga saƙonki kina tambayar yaushe zan dawo. Zan zo kan wannan, amma bari in ba ki labari da ɗuminsa: yau da hannuna na naɗe sushi, naɗin shinkafar nan na mutanen Japan, ya tsaya daram bai warware ba. Kar ki fara yatsina fuska, ba ɗanyen kifi a ciki, ba nama.

Kin san me na sa? Duma! Wallahi dangin duman da ake fafe ƙwarya da shi. Nan yankin Tochigi ne ke samar da kusan duk wanda ake nomawa a Japan, kanpyo suke ce masa. A Yuli da Agusta suke cire shi tun yana ɗanye, su fere shi dogo-dogo, su shanya a rana. Sai ki murje shi da gishiri, ki ɗauraye, ki tafasa ya yi laushi, sannan ki sake dafa shi a ruwan shoyu (romon waken suya mai gishiri) da sukari har ya koma ruwan ƙasa. Su suna ƙara mirin, ni kuwa ba na kusantarsa tunda akwai giya a ciki, ɗan ƙarin sukari ya wadatar. Shoyun ma sai da na nemi mai tambarin halal. Nasu duman ba ya ɗaci fa, kada ki je ki tsinko na bayan gidan Kawu ki ce ni na aike ki, mai ɗacin nan kwantar da mutum yake yi.

Af, da gaske an sa ranar ƙanwar mutuminki? Shi ne ba wanda ya gaya min sai a Facebook na gani? To a ajiye min ankona, ko da a akwati zai yi bikin.

Ina muka tsaya? Shinkafa. Duk wahalar a nan take. Tasu gajera ce mai danƙo. Tsohuwar da ke maƙwabtaka da ni ta tsaya a kaina na wanke har ruwan ya washe, na jiƙa rabin awa kafin in ɗora. Ga kofi biyu, cokali huɗu na ruwan khal ɗin shinkafa, biyu na sukari, ƙaramin cokali na gishiri. Tana tururi za ki zuba, ki riƙa yanka ta da gefen cokalin katako, wani yana fifita da mafici har ta yi sheƙi. Ke da kika saba tuƙi da ƙarfin tsiya, da tuwon shinkafa za ki sauke mana.

Naɗin ba wuya. Rabin fallen nori, busasshen ganyen tekun nan, a kan 'yar tabarmar gora, mai sheƙin yana kallon ƙasa. Ki jiƙa hannu, ki baza shinkafa siriri, ki bar ɗan gefe a sama, ki jera cikin, ki naɗe ki matse. Wuƙa ma a jiƙe. Na kokwamba gida shida ake yanka shi, na duman kuwa tsohuwa ta ce huɗu, kuma ba ta ga dalilin da zan tambayi dalili ba.

Idan Yaya zai taho, ki ba shi yajin ƙuli da kuka, ki ɗaure da kyau. Ki gaida Inna, ki ce ta daina hawa benen nan.

Taki har kullum.