Farfesana ya ce in share gwaje-gwajen da suka ci tura

Assalamu alaikum Malam. Da fatan kana lafiya, da iyali da abokan aiki.

Ni ɗaliba ce mai karatun digiri na uku a fannin kimiyyar sinadarai. Ina gab da tura maƙalata ta farko zuwa mujallar kimiyya, sai saɓani ya shiga tsakanina da farfesan da ke duba aikina. Hasashen da na fara bincike da shi bai tabbata ba. Garin neman dalilin hakan ne na ci karo da abin da ya zama sakamakon aikin. Shi kuwa ya ce in rubuta kamar tun farko abin da nake nema ke nan, wai editoci ba sa son labari mai kwana-kwana.

Wannan zan iya haɗiyewa, ko da da ƙyar. Abin da ya hana ni barci shi ne wasu alƙaluma da suka saɓa wa sauran, waɗanda ya ce in fitar daga jadawali shiru, ba tare da na faɗi dalili ba. Gobe wani ya maimaita gwajin ya samu irinsu, zai zaci shi ya yi kuskure, ya ɓata lokacinsa da kuɗin bincike a banza.

Na kawo masa misalin Frances Arnold, wadda ta ci kyautar Nobel a 2018. A farkon 2020 ta fito fili ta sanar da janye maƙalarsu da mujallar Science ta buga a 2019, saboda an kasa maimaita sakamakon, kuma yabo ta sha. Sai ya yi dariya, ya ce mai Nobel ta janye a kira ta jaruma, ɗaliba ta janye a ce ba ta san aikinta ba. Maganar ta tsaya min a rai, don ba ƙarya zalla ba ce.

Malam, bawan Allahn nan ya riƙe ni kamar 'yar cikinsa, kuma sai da sa hannunsa zan kammala. Amma sunana ne na farko a kan maƙalar, in ta ɓaci ni za a fara tuhuma. Ina tunanin in roƙe shi mu sa alƙaluman a ƙarin bayanin da mujallu ke yarda a haɗa da maƙala. Ta yaya zan tunkare shi ba tare da ya ga na raina shi ba? In ya ƙi fa, in cire sunana, ko in kai maganar gaban kwamitin ɗa'ar bincike?

'Yarka,
wata mai sauraro