A yi mana shiri kan kula da bakwaini bayan sallama daga asibiti

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina roƙon ku ware lokaci a shirinku na lafiya ku gayyato likitan yara, ya yi wa mata bayani da Hausa kan kula da bakwaini bayan an sallame shi. Mu mazauna Agege da Mile 12 da Idi-Araba a Legas muna matuƙar buƙatar hakan.

Abin da nake gani a unguwa shi ne, da zarar jariri ya fito daga kwalba an dawo gida, sai a ɗauka magana ta ƙare. A yanka rago, a yi suna, takardar asibiti kuwa a cusa ta ƙarƙashin katifa. Alhali yaron da aka haifa kafin mako 37 bai gama ƙwari ba ranar da aka sallame shi. Kuma ba kaɗan ba ne: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta an haifi bakwaini miliyan 13.4 a 2020, Najeriya tana cikin ƙasashen da suka fi yawansu.

Inda aka fi yin sakaci shi ne rigakafi. Kaka za ta ce ɗan tayi ne, a bari ya yi nama tukuna. Tausayi ne ya sa ta faɗa, amma shi bakwaini ya fi kowa buƙatar allurar, kuma daga ranar haihuwarsa ake lissafa ta: mako 6, mako 10, mako 14. Girma da wayo ne ake yi wa wani lissafin dabam. Wanda ya zo saura wata biyu, in ya kai wata shida, da ɗan wata huɗu za a gwada shi. Da uwa ta san wannan, da ba ta kwana tana kuka don ɗan maƙwabciya ya riga nata zama ba.

Sai ido. Akwai cutar da ke taɓa jijiyoyin bayan idon ƙananan bakwaini, musamman waɗanda aka daɗe ana ba su iskar oksijin. Ba ta nunawa a waje, ido fes za ki gan shi, ga shi tana iya makantarwa. Wajen wata guda da haihuwa ake fara dubawa, kuma akwai likitocin ido a asibitocin koyarwa na Legas, wato LUTH da LASUTH. Haka gwajin ji, da awon nauyi a kai a kai.

A gida ma a tuna mana cewa zafin Legas bai hana bakwaini jin sanyi. A sa masa hula, a kwantar da shi a ƙirjin uwa fata da fata, a ɗaure da zane. Nono zalla, ba ruwa, ba zuma. In ya kasa kama nono, a tatsa a ba shi da ƙaramin kofi. A cire kafur daga akwatin kayansa, domin yana tayar wa wasu jarirai ciwon shawara.

Ga iyayen gida maza kuma: mai jego ba za ta iya shiga danfo ita kaɗai da ɗan mitsitsin yaro cikin gosulo ba, ta je kuma a yi mata bayani da Turanci ko Yarbanci ta dawo ba ta gane komai ba. Alhaji, ranar komawa asibiti a bar wa yaron shago kasuwa, a raka ta.

Ina kuma kira ga hukumomin lafiya na jihar da su riƙa rubuta wa uwa, tun ranar sallama, sunan ƙaramin asibitin da ke kusa da gidanta inda za a ci gaba da duba yaron, a kuma samar da tafinta. Ku kuma a shirin ku nanata alamun da ba a jiran wayewar gari a kansu: ƙin shan nono, sanyin jiki ko zazzaɓi, numfashi da sauri ko ɗaukewarsa, jijjiga, da ido ya yi rawaya.

Wassalam.

Mai sauraronku,
Malamar Islamiyya, Agege, Legas