A sa manhajar lura da layukan kuran a Yamai

Assalamu alaikum Malam Edita, da fatan kana lafiya, ya zafi?

Maganar kuran ce ta sa na rubuto. Wutar Yamai daga wurare dabam dabam take zuwa, akwai layin Birnin Kebbi daga Najeriya, ga injinan Goru Banda, ga kuma tashar hasken rana mai megawat 30 da aka buɗe can a 2023, to haɗa duk wannan a watan Afrilu da kowa ya kunna fanka da firji ai sai da ido a kai kowane lokaci.

Akwai manhaja da ake kira SCADA, na'urori ne ake sawa a tashoshi da taransifoma suna aika ma kwamfuta bayani duk bayan 'yan daƙiƙu, injiniya na zaune a ofis yana ganin layin da kaya ya yi wa yawa, in waya ta tsinke ya ware wurin daga nesa ya juyo ma sauran unguwa wuta ta wani layi. Ko ƙura ta rufe rana wutar sola ta ragu nan take zai gani.

Don Allah hukumomi su kai wannan tsari har layukan cikin unguwanni, kuma a horar da yaranmu su riƙe shi da kansu. Masu walda da masu saida ƙanƙara suna jin jiki wallahi.

Naka mai karatu,
daga Yamai