Kafin Ki Miƙa Goshinki ga Allura

Agege, daren Lahadi

Mamana,

Assalamu alaikum. Ina fata takardar nan ta same ki a ranar sauƙi. Da hannu na rubuta na ba Auta ya kawo miki Ajah, don na san hasken waya yana cikin abubuwan da ke tayar miki da ciwon. Kuma duk sanda muka ɗauko maganar a waya sai ki katse ni da cewa, "Umma, ba za ki gane ba." Na gane, Mamana. Tun daga haihuwar Yayanku har al'ada ta ɗauke mini nake fama da ciwon ɓarin kai, na hagu, mai bugawa a bayan ido kamar ana daka sakwara. Shekara 31 na yi ina aikin jinya, sau da yawa ina ɗaura wa wani ruwa alhali ni ma amai nake dannewa.

Ranar sunan ɗiyar Yayanku ba ta fita daga raina ba. Gida cike da mata, ana ta zuba turaren wuta a kasko, na neme ki na rasa. A ɗakin ƙarshe na same ki, kin saki labule, kin ɗaure kai da ɗankwali tamau, goshi duk mentoleta, ga bokiti a gefen katifa. Kika ce in ɗauko miki magani a jaka. Da na zuge, fankon katin ƙwayoyi na tarar, wasu na farasitamol, wasu na irin wanda ake haɗawa da kafeyin. Na ƙirga guda 9. Ban yi magana ba don ba ranar magana ba ce. Daga baya maigidanki ya gaya wa Abbanku cewa sau biyu a watan jiya yana kai ki kemis cikin dare a yi miki allura. Yanzu kuma kin ce wata abokiyar aikinki ta ba ki labarin wani wuri a Lekki da ake allurar goshi ciwon ya tafi.

Ban ce kada ki yi allura ba. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi, ke kuwa kin daɗe a cikin ruwan. Abin da ya hana ni barci shi ne mu mutanenmu mun ɗauki allura abu guda, muna ganin ta fi ƙwaya ƙarfi ko mene ne a cikin sirinjin. Na ga tsofaffi sun yi fushi sun bar asibiti don an ba su ƙwaya ba a soke su ba. Allurar kemis daban, wadda ƙawarki ke nufi daban, kuma akwai wata sabuwa da ba ta ma ambata miki ba.

Ta kemis ɗin ce ta fi tsorata ni. Ki tambayi maigidanki sunan abin da aka yi miki. In penta ce, wato pentazocine, to daga yau a rufe wannan ƙofa. Akwai wata da muka yi aiki tare, mace mai tsafta da kyan hannu, ko jijiyar jariri ba ta kuskurewa. Ciwon kai irin namu ne da ita. Ta fara da allura ɗaya in ya tsananta, aka koma duk mako, aka koma kullum, har ta kai tana yi wa kanta a banɗaki. Ranar da na taya ta canza kaya na ga cinyoyinta: fatar ta yi tauri kamar itace, ga gyambuna sun ƙi warkewa, babu sauran wurin sokawa. Aikin ya kuɓuce mata, ciwon kan kuma yana nan. Penta da tiramol da kodin suna kwantar da zafi na 'yan awanni, sannan jiki ya koyi nemansu, kan kuma ya ƙara saurin tashi. Kin tuna a 2018 gwamnati ta hana yi da shigo da maganin tari mai kodin, saboda irin ɓarnar da dangin magungunan nan suka yi wa 'ya'yan mutane.

Su ma ƙwayoyin jakarki da magana a kansu. Wanda ke shan farasitamol ko ibuprofen kwana 15 ko fiye a wata, ko kuma kwana 10 in mai haɗin kafeyin ne ko kodin ko tiramol, in ya jera wata 3 a haka, maganin da kansa yakan koma haddasa ciwon kai. Mutum ya farka da asuba kai ya yi nauyi, ya sha, ya lafa, kafin la'asar ya dawo. Ina kyautata zaton wani kaso na ciwon da ke damunki yanzu daga nan yake. Likita zai so ki rage su, kuma ba zan ɓoye miki ba, mako ɗaya ko biyu na farko akwai wuya. Zan zo in zauna da ke in riƙe Yusra har ki wuce wurin.

Allurar da ƙawarki ke nufi Botox ce. Gaskiya ne ana maganin ciwon ɓarin kai da ita, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da hakan tun 2010. Daga dafin wata ƙwayar cuta ake tace ta, irin wadda ke lalata abincin gwangwani, a yi amfani da ɗan mitsitsi. Tana sassauta tsoka, tana kuma rage saƙon zafin da jijiyoyi ke aikawa. Amma an ware waɗanda ake yi wa: mai ciwon kai kwana 15 ko fiye a wata, sama da wata 3, kuma aƙalla kwana 8 daga ciki ya zo da alamomin ɓarin kai sosai, irin su bugawa, tashin zuciya, ƙin haske da ƙara. Wanda nasa bai kai haka ba, ba a ga tana yi masa wani amfani ba.

Kuma yadda ake yin ta don ciwo ya sha bamban da yadda masu gyaran fuska ke yi don goge tamoji. Ta ciwo wuri 31 ake sokawa, awo 155, a goshi da tsakanin gira, gefen kai biyu, ƙeya, bayan wuya, har kafaɗu. Allurar siririya ce ƙwarai, cikin kamar minti 15 zuwa 20 an gama, sai kuma bayan mako 12 a sake. Kowane wuri da tsokar da ake nufi. In hannu bai ƙware ba, fatar ido takan sauko ta yi makonni a haka, ko wuya ya yi rauni har riƙe kai ya zama aiki. Ko a hannun gwani ciwon wuya na 'yan kwanaki yakan biyo baya. In kuwa aka ji haɗiya ko numfashi na wahala bayan an yi, asibiti ake nufa a take. Shi ya sa hankalina bai kwanta da shagon kwalliya ba, komai kyan kujerunsa da sanyin na'urarsa. A 2024 a Amurka kanta an samu jabun Botox, mata da dama suka kwanta asibiti, yawancinsu a hannun waɗanda ba su da lasisi ko a wuraren da ba asibiti ba aka yi musu. In abin ya faru a can, ki auna Legas. Duk inda za a yi miki, a buɗe kwalbar a gabanki, ki duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa da idonki. Kada kunya ta hana ki, araha kuma ba ta ado.

Sabuwar ita ce wadda aka fara fitarwa a 2018. Masana sun gano wani sinadari a jiki, CGRP, da ke yawaita lokacin da ciwon ya taso, sai aka yi allurai masu tare shi. Aimovig ce ta fara fitowa, Ajovy da Emgality suka biyo baya a shekarar. A ƙarƙashin fata ake yi, a cinya ko ciki, yawanci sau ɗaya a wata, mutum na iya koyon yi wa kansa kamar masu ciwon suga. Ajovy ana iya yin ta sau ɗaya a wata 3. Aimovig takan sa taurin bayan gida, wasu kuma ta ɗaga musu jini, ke kuwa kin san hawan jini gadonku ne ta wajen Abbanku. Daga waje ake kawo su, da dala ake lissafinsu, kuma dole su zauna a firji tsakanin digiri 2 zuwa 8. Ki tuna yadda wuta take a unguwarku, ki tuna kwanan da janareto ya ƙi tashi. Kada ki yarda wani ya ce zai taho miki da ita a cikin akwatin kaya.

Ga wadda ta fi duka nauyi a wurina. Kin ce mini in kin yaye Yusra kuna so a yi mata ƙani. Waɗannan sababbin allurai suna daɗewa a jini, likitoci kan ce a daina su wata 5 zuwa 6 kafin a nemi ciki. A cikin ƙwayoyin rigakafi ma, topiramate da valproate suna iya cutar da ɗan tayi. Ki faɗa wa likita niyyarku tun a zaman farko, ko da namiji ne, ko da nauyin bakin zai kama ki. Ki kuma gaya masa walƙiyar nan da kike gani a gefen ido kafin ciwon ya sauko. Mace mai ganin wannan ba a so ta sha ƙwayar tazarar haihuwa mai sinadarin estrojin, don tana ƙara haɗarin shanyewar ɓarin jiki. Ki tafi da katin wadda kike sha ya gani.

Likitan da nake nufi shi ne na ƙwaƙwalwa da jijiyoyi. Na san abin da mutane za su ce in sun ji "ƙwaƙwalwa", ki bar su da faɗarsu, wannan fanni daban yake da na masu taɓin hankali. Akwai su a asibitin koyarwa na LUTH da ke Idi-Araba, akwai a na LASUTH da ke Ikeja. Idi-Araba ta fi mana, tunda gidan Gwaggonku yana nan kusa, sai mu kwana can mu yi sammako. Kada ki yi mamaki in bai fara da allura ba. Akwai ƙwayoyin rigakafi masu sauƙin kuɗi da ake samu ko'ina, irin su propranolol da amitriptyline, ni ta farkon ce ta riƙe ni shekaru. Ana ba kowace ƙwaya wata 2 zuwa 3 kafin a yanke mata hukunci. A Ingila sai mutum ya gwada iri 3 ba su yi ba kafin asibitin gwamnati ya yi masa Botox, kuma in an yi zagaye 2 kwanakin ciwon ba su ragu da kashi 30 cikin 100 ba, sai a dakatar. Kin ga ke nan ko su da suke da ita a wadace ragi suke nema. In kwana 20 ya koma 10, an ci riba babba, kwana 10 ne aka maido miki da 'yarki da aikinki. Akwai kuma wata ƙaramar allurar kashe zafi da ake yi a ƙeya, kan jijiyar da ke hawa bayan kai, takan ba da hutu na makonni. Ki tambaye shi ko ta dace da ke lokacin da kike rage ƙwayoyin.

Na haɗo miki da littafi mai falle 40. Daga gobe, kowace rana layi ɗaya: an yi ciwo ko ba a yi ba, awa nawa, me kika sha, guda nawa, ƙarfe nawa kika kwanta, kin karya ko ba ki karya ba, ranar da al'ada ta zo. Likita zai fi amfana da wannan fiye da "kullum yana ciwo". Ke ma za ki ga abin da ba ki lura da shi ba. Kina tashi ƙarfe 4 da rabi don ki riga cunkoson hanyar Lekki, ki fita da shayi kawai a ciki, ki wuni ba ruwa don gudun banɗakin ofis, ki dawo bayan isha cikin hayaƙin motoci. Babu allurar da za ta ɗauke wannan duka ita kaɗai. Humrar nan mai ƙarfi da kike so, ki ajiye ta wata guda mu gani. Ni sai da na rabu da goro da turaren wuta kafin na san suna cikin masu tayar mini.

Na ji surukarki ta ce iska ce, a kai ki ruƙiyya. Kada ki yi musu da ita, ƙauna ce ta sa ta faɗa. Ki karɓi addu'a da hannu biyu, ki riƙe azkar ɗinki, ki kuma je asibiti. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta. Amma ki gaya wa maigidanki wannan ya riƙe: ranar da ciwo ya faɗo farat ɗaya da tsananin da ba ki taɓa ji ba, ko ya zo da zazzaɓi da sanƙarewar wuya, ko hannu ya mutu, baki ya karkace, magana ta sarƙe, ba a jira gari ya waye, ba a bi ta kemis.

Batun kuɗi, ku zauna ku yi lissafin shekara guda, kusan zagaye 4 ke nan in Botox ce, kada a fara a tsaya a na farko a ce ba ta yi ba. Kwasar adashina wata mai zuwa ce, na riga na gaya wa Abbanku inda za ta, kuma bai ce a'a ba.

Ranar Laraba in sha Allahu ina idar da asuba zan kamo hanya, don in haye gadar Third Mainland kafin ta cushe. Zan taho da dambun naman da kike so da na'urar awon jini. Ki tattara mini duk katunan magungunan da ke gidan, har waɗanda suka ƙare. Kada ki sa turare don zuwana. Ki gaishe da maigidan, ki shafa mini kan Yusra.

Allah Ya ba ki lafiya, Ya yi miki albarka.

Ummanki