Zuwa Ga Ɗana Da Ke Karatu A Ngaundere

Assalamu alaikum Babangida. Mu nan Garwa lafiya lau muke, sai zafin bazara.

Kawunka ya dawo daga Dang, inda jami'arku take, ya ce ka sayar da Kindle ɗinka, na'urarka ta karanta littattafai, ka cika kuɗi ka sayi babbar waya. Na ƙaryata shi, sai da ya rantse. Tun ranar ban yi barcin kirki ba.

Ba kuɗin ke damuna ba, ko da yake ka san abin da innarka ta rabu da shi kafin a taho mana da shi daga Yawunde. Hujjarka ma na san ta, tun hutun bara kake jero min ita: wai waya ma tana buɗe littafi, wai bayan iPad ya fito a 2010 ba a jima ba kasuwar na'urar karatu ta fara ja da baya, har Sony ya daina ƙera tasa a 2014. Na yarda. To Amazon da ya fito da Kindle a 2007 ya daina ne? Kamfanin Kobo ma yana nan yana ƙera tasa. Har gobe akwai masu neman abin da bai iya komai ba sai karatu. Ka manta lokacin da ruwan madatsar Lagdo mai ba mu wuta ya ja, wuta ta yi ta ɗaukewa, caji ɗaya ya kai ka makonni, kana karatu a gindin darbejiya kamar takarda ce a hannunka?

Tsorona ɗaya ne, kada ka daina karatu. Shekara talatin ina riƙe da alli, na ga yadda abin yake farawa. Yaro ya buɗe littafi a waya, kafin ya ci shafi biyu WhatsApp ya yi sallama, TikTok ya biyo baya, sai kiran asuba. Idonsa biyu amma kansa fanko. Kai da kake cinye littafi a kwana uku! Har ka yi girman da za ka sayar da kyautar ubanka babu shawara? Wa ya koya maka wannan?

Innarka ta ce malamanku ta waya suke turo darasi, kuma ni ne na ƙi saya maka. Na ƙi ne don ina tsoron abin da nake faɗa maka yanzu. Da ka yi min bayani a natse, da na san yadda na yi.

Riƙe wayarka. Amma ka nemi wanda ya sayi Kindle ɗin, ka ji nawa zai mayar da shi, zan turo kuɗin ƙarshen wata. Ka kuma rubuto min sunan littafin da kake karantawa yanzu. Ƙannenka suna gaishe ka. Allah ya yi maka albarka.

Babanka.